TSATTSEWA DA SORO: TARIHIN WATA MAƘWABTAKA A ƘASAR GAYA

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Gaya ko Ajingi, ko a garuruwan da ke kewaye da su irin su Kademi da Shagogo da Toranke da Balare, ba ya bukatar a kwatanta masa tsattsewa. Da la'asar sakaliya, jama'a na alwala a ƙofar masallaci, ita ce za ka ga tana kewaya soro ayari ayari tana siririn kukanta. Mun yi karatun allo a zaurukan da sheƙarta ke manne a jikin azara, mun kuma sha jin iyayenmu na tsawata wa yaron da ya ɗaga danƙo zai harbe ta. Sai dai abin da ido ya saba gani kullum, ba kasafai ake tambayar asalinsa ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a gabanmu. Wata damina aka zo gyaran ajujuwa a makarantar da muke koyarwa. Kafin a sa sabon silin, ma'aikata suka sa gora suka kakkaɓe sheƙunan da ke ƙarƙashin baranda, ƙwai da 'ya'yan da ba su yi gashi ba suka zube a ƙasa. Iyayen suka wuni suna kai da kawowa a bakin rufin da aka toshe. Wata ɗaliba ta tambaye mu, "Malam, to yanzu ina za su koma?" Muka rasa amsar da za mu ba ta. Wannan maƙala ƙoƙari ne na biyan bashin waccan tambaya, ta hanyar bin tarihin yadda aka yi tsuntsuwar daji ta zama 'yar gida, da yadda muke neman mayar da ita marar gida.

Suna Ɗaya, Dangi Biyu

Bahaushe ya haɗa tsuntsaye masu yawa ya kira su tsattsewa, a wasu wurare kuma a ce bilbilo. Amma masana ilimin tsuntsaye sun nuna cewa dangi biyu ne mabambanta, kamannin jiki da irin abinci ne kurum suka haɗa su, domin dukkansu a sararin sama suke cafke ƙwari. Don sauƙin bayani za mu kira ɗaya tsattsewar laka, ɗayar kuma tsattsewar yawu.

Tsattsewar laka ita ce mai sauka bakin kududdufi ta ɗebi taɓo a baki, ta kai jikin bango ta liƙa, curi bayan curi, har sai ta gina sheƙa mai kamar rabin ƙoƙo. Sheƙa guda kan ci curi kusan dubu. Ita ce kuma ake gani jere a kan wayar lantarki. Wadda ta fi zama a ɗakunanmu bayanta baƙi ne mai sheƙin shuɗi, cikinta fari-fari, goshinta ja-ja, masana kuwa sun laƙaba mata sunan ƙasar Habasha. Tun da sai da taɓo take gini, da damina take hayayyafa. Akwai wata 'yar'uwarta da ta fi ta girma, mai jan ciki, wadda Turawa suka raɗa wa suna tsattsewar masallaci.

Tsattsewar yawu kuwa ba ta sauka ƙasa, ba ta kuma zama a kan waya ko reshe. Ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, ba su da wani aiki sai maƙalewa a jikin bango, shi ya sa sunan da masana suka ba ta ya fito daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar marar ƙafa. Gashin tsuntsaye da ciyawar da iska ta ɗauko take cafkewa a sama, ta haɗa su da yawunta ta yi sheƙa. Wadda muka fi sani baƙa ce mai farin tabo a gindin bindi, tana yin sheƙa jama'a guda, wannan manne da wancan. Akwai kuma siririya mai launin toka da ba ta rabuwa da giginya. A bayan ganyen giginya take liƙa 'yar sheƙarta, sa'an nan ta manne ƙwanta da yawu don kada iska ta zubar da shi.

Kafin A Yi Soro

Gaya, wadda ke kimanin kilomita 65 gabas da birnin Kano, tana cikin tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa. Ruwayar da aka gada ta nuna cewa Abagayawa, wato maƙeran farko na Kano, daga Gaya kakansu ya taso yana neman tama har ya sauka a gindin Dala, tun kafin zuwan Bagauda wanda ake sa farkon mulkinsa a shekarar 999. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Gaya a wurare da dama. Ya kawo labarin zuwan Agalfati, ɗan Sarkin Machina, wanda ya yi sarautar Gaya a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452 zuwa 1463). Ya kuma kawo labarin Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya ƙi kai gaisuwa Kano har shekara uku a zamanin Sarki Dadi (1670 zuwa 1703), abin da ya jawo masa rasa ransa.

Marubutan tarihi sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Amma halittar tsuntsuwar da kanta tana ba mu labarin nata ɓangaren. Abu uku take nema kafin ta yi sheƙa: jiki mai kaushi da za ta liƙa gini, inuwar da za ta kāre ta daga rana da ruwa, da tsawon da maciji da kyanwa ba za su kai ba. Kafin ɗan'adam ya fara gini, ba inda ake samun waɗannan sai a jikin manyan duwatsu da kogunansu da kogon bishiya. Har yau akwai wata irin tsattsewar yawu a Afirka ta Yamma da ke hayayyafa a cikin kogon kuka. To, ƙasar Gaya da Ajingi shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da fadama sun fi yawa a cikinta. A irin wannan ƙasa masaukin tsattsewa kaɗan ne. Ranar da magini ya ɗora azara a kan bango, ranar ce ya yi mata dutse a inda babu dutse.

Ginin Ƙasa Da Baƙuwarsa

Ginin ƙasa ya daɗe a ƙasar Kano. An fara ganuwar birni a zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134). Wangarawa sun zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), aka shiga gina masallatai. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina fadar da har yau ake kira da sunansa. Garuruwa masu sarauta irin su Gaya, da suke kan hanyar fataken Barno, su ma sun yi ganuwa da fada da masallaci da zauruka. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da gidajen soro cakuɗe da ɗakunan ciyawa, kuma haka garuruwanmu suka kasance har cikin ƙarni na 20.

In mai karatu ya dubi yadda ake soro, zai ga kamar da tsattsewa aka yi shawara. Ana jera tubali a yaɓe shi da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, saboda haka bangon yana da kaushin da taɓo ke kamawa. Ana rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, tsakanin azara da azara kuma akwai lungu. Inda aka yi bakan gizo ko ɗaurin guga, rufin yakan yi tsawo, ga sanyi ko da bazara. Tagogi 'yan ƙanana ne a can sama, ba gilashi ba raga. Zaure da masallaci kuwa a buɗe suke wuni. Daɗin daɗawa, kududdufin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, shi ne ke tara ruwa da damina ya ba ta taɓo da ƙwari. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ita tsattsewa ba ta jira tsagewar bango ba, ta ƙofa ta shigo, masu gida kuma suka bar ta.

Ba a banza suka bar ta ba. Ba ta taɓa hatsi kamar jan-baki, ba ta ɗaukar 'yan tsaki kamar shirwa. Abincinta ƙudaje da shinge da sauran ƙananan ƙwari. Manomi kuma ya san in ya ga tana shawagi ƙasa-ƙasa a gaban hadari, ruwa ya kusa. Ga kuma girmamawa ta fuskar addini. A ƙasashen Musulmi da dama jama'a kan danganta ta da tsuntsayen da aka ambata a Suratul Fili, har Turkawa na kiran tsattsewar yawu da sunan da ya fito daga kalmar ababil, ko da yake malaman tafsiri sun bayyana cewa ma'anar kalmar ita ce jama'a-jama'a. Larabawa kuma kan kira tsattsewar laka tsuntsuwar Aljanna.

Zuwan Kwano Da Siminti

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Jirgin da ya riƙa kwasar gyaɗa zuwa Ikko shi ne ya riƙa dawowa da kwanon rufi da siminti. Da farko gine-ginen En'e ne suka samu, wato kotu da ɗakin shan magani da makarantar elementare. Talaka bai shiga sahu sosai ba sai bayan yaƙin basasa, da kuɗin man fetur suka shigo. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975 ya sa ma'aikata da yawa suka yaye rufin ƙasa suka buga kwano, shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya cika ƙauyuka da ajujuwan bulo masu baranda. Ƙirƙiro jihohi da ƙananan hukumomi, ciki har da yanke Ajingi daga Gaya, ya ƙara yawan sakatariyoyi da asibitoci. Ambaliyar da aka sha a ƙasar Kano da Jigawa, irin ta 1988 da 2001 da 2022, ta rushe gidajen ƙasa masu yawa, wanda ya samu hali kuwa da bulo ya sāke gini.

Gaskiya ita ce wannan sauyi bai cuci tsattsewa da farko ba, har ma ya yi wa wasunsu rana. Tsattsewar yawu mai farin tabo ta samu ƙarƙashin gadoji da kwalbatoci da tankunan ruwa da barandar makarantu. Wanda ya tsaya kusa da wata babbar gada a hanyar Kano zuwa Wudil da Gaya da yamma zai iya shaida haka. Ginin kwano na farko ma yana da rata tsakanin bango da rufi, ga katakai a fili. Matsalar ta zo ne da ginin baya-bayan nan, wanda ake shafe bangonsa sumul a yi masa fenti mai santsi, a toshe bakin rufi da silin, a sa gilashi da raga a taga, a rufe masallaci da ƙofar ƙarfe in an idar da salla. Ba mu ga laifin kowa ba. Wanda ya sha yaɓe kowace shekara, ya kwana yana tarar ɗigar ruwa da ƙwarya, ba za a ce masa kada ya yi bulo ba. Raga kuma kariya ce daga sauro. Sai dai a cikin wannan gini ba a bar wa tsohuwar maƙwabciya ko taku ɗaya ba.

Ba gini ne kaɗai ya sauya ba. Giginyar da aka sare don azara ba a dasa madadinta ba, ga shi kuwa tana shekaru masu yawa kafin ta girma. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 ya kashe itatuwa ya busar da fadamu. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda kogin Wudil ke malala a kan hanyarsa ta zuwa Haɗeja. Kududdufai na cikin gari ana cike su ana yanka filaye. Maganin feshi kuma ya zama ruwan dare a gonakin wake da shinkafa da kayan lambu, alhali ƙwarin da ake fesawa su ne tuwon tsattsewa.

Baƙi Daga Nesa

Ba duk tsattsewar da muke gani ce 'yar gida ba. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, sa'an nan daga Maris zuwa Mayu, wasu baƙi kan ratsa ta kanmu. Akwai tsattsewar laka mai jan maƙogwaro da dogon bindi mai baki biyu, wadda ke hayayyafa a rumbuna da garken dabbobi na ƙasashen Turai. Nauyinta kusan giram 20 ne kawai, amma tana ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara sau biyu a shekara. Turawa sun daɗe ba su san inda take ɓacewa da hunturu ba. Aristotle ya ce ɓuya take yi a ramuka, Linnaeus kuma a ƙarni na 18 ya yarda cewa cikin ruwa take nutsewa ta yi barci, alhali tana nan tana cin ƙwari a kan gonakin kakanninmu. An samu hujja bayyananniya a watan Disamba na 1912, lokacin da aka kama wata a Natal ta Afirka ta Kudu, ɗauke da zoben da aka sa mata a ƙafa a Ingila a 1911.

A nan Nijeriya akwai ɗaya daga cikin manyan makwantanta na Afirka, a ƙauyen Ebbaken na yankin Boje a Jihar Kuros Riba, inda take taruwa tana kwana cikin dogayen ciyayi. Mutanen wurin sun daɗe suna kama dubbai don ci, har zuwa shekarun 1990 da masu kāre tsuntsaye suka shiga aiki tare da su. Babbar tsattsewar yawu ta Turai ita ma ta kanmu take bi zuwa dazuzzukan Kwango. A 2016 masana daga Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka tabbatar da cewa tana iya yin wata goma a sama ba ta sauka ba, a can take ci, take sha, take hutawa.

Gemun Ɗan'uwa

Ɗakin Bahaushe ba shi da bututun hayaƙi, domin a tsakar gida ko madafa muke girki. Amma a ƙasashen sanyi gidaje da yawa na da shi, kuma tarihinsa ya yi kama da na soronmu. A Amurka ta Arewa akwai wata tsattsewar yawu da asalinta a kogon manyan itatuwa take sheƙa. Da Turawa suka sare dazuzzuka suka yi gidaje, sai ta koma cikin bututun hayaƙi, har aka sa mata sunansa. Ba a san inda take zuwa da hunturu ba sai a 1944, da aka dawo da zobban ƙafarta daga ƙasar Peru. Da aka shiga rufe bakin bututu ana kuma yin na ƙarfe mai santsi, ga ƙarancin ƙwari, sai ta yi ta raguwa, har a 2018 aka sa ta cikin jerin halittun da ake jin tsoron ƙarewarsu. A Birtaniya tsattsewar yawu ta ragu da fiye da rabi tun daga 1995, aka kuma sa ta cikin jerin tsuntsayen da suka fi shiga haɗari a 2021. Shi ya sa magina a can suka ƙago wani bulo mai rami a ciki, ana sa shi a can saman bango don ta samu masauki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kammalawa

A 1981 wasu masana biyu, Sharland da Wilkinson, sun buga jerin tsuntsayen tsohuwar Jihar Kano a mujallar Malimbus. Da Turanci suka rubuta, don masu jin Turanci. Abin da tsofaffinmu suka sani game da tsattsewa, sunayenta da camfe-camfenta da lokutan zuwanta, yana cikin kawunansu, kuma kullum ana binne su da shi. Wannan aiki ne da ya hau kan marubutan Hausa da malaman makaranta. Ba ya bukatar kuɗi, littafin rubutu ne da zama gaban dattijo. Ɗalibai ma za su iya ƙirga sheƙunan makarantarsu kowace damina su ajiye lissafi.

Ga magina da masu gida da kwamitocin masallatai, roƙonmu kaɗan ne. In za a yi gyara, a duba rufi tukuna, in akwai ƙwai ko 'ya'ya a jinkirta wannan ɓangaren 'yan makonni har su tashi. In kashinta ne abin ƙi, a kafa ɗan katako a ƙarƙashin sheƙar ya tare shi. In ana sabon gini, a bar ɗan gurbi mai kaushi a ƙarƙashin baranda ta waje. Wanda ya sare giginya ya binne ƙwallo biyu. Masarautar Gaya, wadda dokar 2024 ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta, tana iya sa baki ta hannun hakimai da dagatai, musamman wajen adana 'yan tsofaffin soraye da suka rage.

Ɗalibar da ta yi mana waccan tambaya ta gama makaranta tuni. Da damina ta zagayo mun ga tsattsewa biyu sun fara liƙa taɓo a saman ƙofar wani tsohon sito da gyaran bai kai kansa ba, muka roƙi maigadi ya bar musu. Musulunci ya yi mana wasiyya da maƙwabci, ya kuma hore mu da tausaya wa duk mai rai. Wannan maƙwabciya ta zauna da kakanninmu ɗaruruwan shekaru ba ta ci musu ko zangarniya ɗaya ba. Kada a ce a hannunmu zaman ya ƙare. Allah Ya sa mu gane, amin.